RAPD, ISSR, SSR ko AFLP: Wace Alamar DNA Ta Dace da Tantance Furannin da Aka Rena a Kwalba?

Mai gonar furanni a Taiwan ko a Holan da ya karɓi tsiron okid 50,000 daga ɗakin renon tsirrai ba zai san haƙiƙanin abin da ya saya ba sai ranar da furen ya buɗe, kuma a nau'in okid da ake kira Phalaenopsis wannan jira yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu bayan an fitar da tsiron daga kwalba. A tsawon wannan lokaci ya biya kuɗin wuta da taki da ma'aikata, tukwanen kuma sun tare masa wuri. Idan daga ƙarshe wani kaso ya fito da fure mai karkatacciyar siffa, ko da launin da ba a kansa aka yi ciniki ba, asara ta riga ta afku, domin kasuwar fure ba ta karɓar abin da ya yi kama da samfuri, samfurin kansa take so. Wannan ne ya sa masu ɗakunan reno suke neman hanyar gane bauɗaɗɗen tsiro tun yana ɗan ƙarami, kuma hanyar da aka fi ambata ita ce gwajin alamomin DNA. Alamomin kuwa iri-iri ne, kuɗinsu ba ɗaya ba, abin da kowacce take iya gani ma ba ɗaya ba, saboda haka wanda ya zaɓa bisa arha kaɗai, ko bisa abin da ya ga maƙwabcinsa yana yi, zai iya riƙe takardar sakamako mai kyau a hannu alhali kayansa suna ɗauke da aibi.

A ƙa'ida tsiron kwalba kwafin uwarsa ne, tun da ba ta hanyar iri aka same shi ba. Ɗan yankin jikinta aka yanka aka ɗora a kan abincin da aka haɗa da gishirin ma'adinai da sukari da sinadaran girma, wanda mafi shahara a cikinsa shi ne haɗin da Murashige da Skoog suka wallafa a 1962. Lokacin da Georges Morel ya nuna a Faransa a 1960 cewa ana iya samun tsirrai masu yawa daga kan toho guda na okid ɗin Cymbidium, masu sana'ar sun ɗauka an samu injin buga kwafi da ba ya kuskure. Shekaru suka nuna ba haka abin yake ba, har a 1981 Larkin da Scowcroft a Ostireliya suka tattara shaidun suka nuna cewa reno a kwalba shi kansa yana haifar da sauyi. Su a wurinsu abin alheri ne ga mai neman ƙirƙiro sabon nau'i, amma ga wanda ya yi alkawarin kawo tsiro 50,000 masu kama ɗaya, wannan sauyi shi ne babban abin tsoro.

Kafin a kwatanta alamomin dole a san cewa abin da ake kira bauɗewa ba abu ɗaya ba ne. Wani lokaci adadin kuromosom, wato ƙunshe-ƙunshen da DNA yake naɗe a cikinsu, shi ne yake ninkuwa, ko ɗaya ya ɓace. Wani lokaci harafi guda ne yake sauyawa a cikin jerin DNA, ko wani ɗan guntu ya yanke, ko kuma ɗaya daga cikin guntayen nan masu tsalle daga wuri zuwa wuri ya farka ya faɗa tsakiyar wata ƙwayar gado ya lalata ta, kamar yadda masu bincike a Japan suka gano a 1996 cewa reno a kwalba yana tayar da wani guntu mai suna Tos17 a shinkafa. Akwai kuma sauyin da bai taɓa jerin haruffan ba ko kaɗan, sai dai ɗan sinadarin metil da yake maƙale a kan DNA ya ragu ko ya ƙaru, ƙwayar gadon da ya kamata ta yi shiru ta fara aiki, ko wadda ya kamata ta yi aiki ta yi shiru. Daga ƙarshe akwai bauɗewar da ba ta da alaƙa da halitta, wato ma'aikaci ya gaji da yamma ya liƙa sunan wani nau'i a kan kwalbar wani, kuma a ɗakin da ake juya nau'i 30 ko 40 a lokaci guda wannan ba abin rainawa ba ne. Kowace alama tana ganin wasu daga cikin waɗannan, tana makancewa ga sauran.

Aikin farko ɗaya ne a kusan dukkan hanyoyin. Ana tatso DNA daga ɗanyen ganye, galibi da sinadarin CTAB bisa tsarin da Doyle da Doyle suka bayyana a 1987, sannan a sa shi a na'urar PCR tare da wasu gajerun guntayen DNA da ake kira firaima, waɗanda suke neman inda suka dace su manne, na'urar kuma ta ninka abin da ke tsakaninsu. Abin da ya fito ana tura shi ta cikin jel da wutar lantarki, guntayen su rabu bisa tsawonsu su bayyana a matsayin layuka. Idan layukan ɗan tsiro sun yi daidai da na uwa, sai a ce ba a ga bambanci ba. Inda hanyoyin suka rabu shi ne irin firaimar da ake amfani da ita, da kuma ko ana yanka DNA ɗin tukuna kafin a ninka.

RAPD, wadda Williams da abokan aikinsa na kamfanin DuPont suka fito da ita a 1990, ita ce mafi sauƙi da arha. Firaimarta haruffa 10 ne kacal da aka jera ba tare da sanin komai game da tsiron ba, kuma ana manna ta a ƙaramin zafi, wajen digiri 36. A nan ƙarfinta yake, a nan kuma rauninta yake, domin gajeruwar firaima a ƙaramin zafi tana iya mannewa ko da wurin bai dace da ita sosai ba, don haka ɗan bambanci a tsabtar DNA, ko a yawan maganiziyom, ko ma sauya na'ura, yakan sa layi ya fito yau ya ɓace gobe. A 1997 wasu ɗakunan bincike na Turai sun rarraba wa junansu samfuri ɗaya don su ga ko sakamakonsu zai zo daidai, sai suka tarar RAPD ce ta fi wuyar maimaituwa, AFLP da SSR kuwa suka zo kusan iri ɗaya a ko'ina. Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da tsiron kwalba: firaimar RAPD ba ta san DNA ɗin fure daga na ƙwayoyin bakteriya da kan ɓuya a cikin jikin tsiron ba, kuma ƙarin layin da aka gani zai iya kasancewa na baƙon ne. A ra'ayina RAPD ta dace da koyar da ɗalibai da gwajin farko na cikin gida, amma ba ta kai a ɗora ciniki a kanta ita kaɗai ba.

ISSR ta zo a 1994 daga Zietkiewicz da Rafalski da Labuda, kuma ana yawan ganinta a rahotannin da suka shafi furanni irin su gerbera da gladiolus da lili da anturiyom. Dabararta ita ce a yi firaima da irin jerin nan mai maimaita kansa da ke warwatse a cikin DNA na kowane tsiro, misali harafin A da G sau 8 a jere, a ƙara harafi ɗaya ko biyu a ƙarshe don ya kafe ta a bakin wurin. Firaimar takan kai haruffa 16 zuwa 25, ana kuma manna ta a zafin da ya fi na RAPD, tsakanin digiri 45 zuwa 60, shi ya sa layukanta suka fi tsayawa wuri ɗaya idan aka sake gwaji. Ba ta buƙatar a san jerin DNA na furen tun farko, kayan aikinta kuma su ne dai na RAPD, wato na'urar PCR da jel ɗin agaros da fitilar duba layuka. Jerin firaimomi 100 da Jami'ar British Columbia a Kanada ta tsara, masu lamba daga 801 zuwa 900, su ne kusan kowa yake farawa da su, ya gwada su a kan uwar shuka ya ajiye waɗanda suka ba da layuka masu kaifi. Wanda yake da kayan RAPD a hannu ba shi da dalilin da zai hana shi komawa ISSR, domin bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Abin da ake zargin RAPD da ISSR da shi duka shi ne cewa suna duba wurare barkatai, waɗanda yawancinsu ba su da hannu a launin fure ko siffarsa. Don magance wannan ne Collard da Mackill suka ƙirƙiro SCoT a 2009, da farko a kan shinkafa, inda firaima mai haruffa 18 take neman yankin da ke kewaye da ATG, wato haruffa ukun da karatun ƙwayar gado yake farawa da su. SRAP, wadda Li da Quiros suka bayyana a 2001 a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ita ma manufarta ke nan, sai dai tana amfani da firaima biyu. Amfaninsu na gaskiya shi ne suna leƙa wani ɓangare na daban da wanda ISSR take leƙawa, a kan kayan aiki iri ɗaya da kuɗi kusan ɗaya, shi ya sa haɗa ISSR da SCoT ya fi haɗa ISSR da RAPD ma'ana. Amma kada a ɗauka cewa don layi ya fito kusa da wata ƙwayar gado to ita ce mai sarrafa launin fure, domin tsiro yana da ƙwayoyin gado dubbai kuma firaimar ba ta zaɓa.

A nan ya kamata a tsaya a yi ɗan lissafi, domin shi ne yake fayyace ma'anar jimlar nan da ta cika rahotanni, cewa dukkan layuka sun fito iri ɗaya, saboda haka tsirran daidai suke da uwa ɗari bisa ɗari. A ce an yi amfani da firaima 20, kowacce ta ba da layi 6, an samu layi 120 ke nan. A ce kuma kowane layi yana da tsawon haruffa 800, jimilla haruffa 96,000. Jerin DNA na Phalaenopsis equestris, wanda aka wallafa a 2015, ya kai haruffa kusan biliyan 1.16, wato abin da gwajin ya taɓa bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Ko wannan ma an yi masa kara, domin jel ɗin agaros ba ya karanta haruffan da ke cikin layin, tsawonsa kawai yake aunawa, kuma harafi guda da ya sauya a tsakiya ba zai motsa layin daga wurinsa ba. A lili, wanda DNA ɗinsa ya haura haruffa biliyan 30, abin da aka duba ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Saboda haka sakamakon da ya nuna babu bambanci yana nufin ba a yi wata babbar girgiza da ta shafi wurare da yawa ba, wanda labari ne mai amfani, amma bai taɓa nufin cewa furen zai fito da launin da aka yi alkawari ba.

Akwai wani rauni kuma da RAPD da ISSR da SCoT da AFLP suka yi tarayya a kai, wato abin da suke faɗa kawai shi ne layi yana nan ko ba ya nan, ba sa faɗin kwafi nawa ne suka haifar da shi. A gerbera, mai kuromosom 50 a jeri biyu, wannan bai yi muni sosai ba. A kirisantimam kuwa, wanda yake da kuromosom 54 a jeri shida, kwafi ɗaya zai iya ɓacewa sauran su ci gaba da fitar da layin kamar ba abin da ya faru. Haka abin yake a yawancin wardin da ake yanka don kasuwa, masu jeri huɗu da kuromosom 28.

SSR ta bi wata hanya dabam. Maimakon a harba firaima a ga inda za ta faɗa, ana tsara firaima biyu da suke kewaye wani takamaiman wuri mai maimaita kansa, a auna tsawonsa daidai har zuwa harafi ɗaya ko biyu a na'urar da ke karanta guntaye da hasken leza. Tana nuna kwafin da aka gada daga kowane ɓangare na iyaye, sakamakonta lambobi ne da za a iya adanawa a kwamfuta a aika wa wani ɗakin bincike a wata ƙasa ya tabbatar, kuma da yake an tsara firaimar don furen kansa, DNA ɗin bakteriya ba ya cika rikita ta. Don amsa tambayar ko wannan kwalba nau'in da aka rubuta a jikinta ne, babu wadda ta kai ta a cikin waɗannan hanyoyi, kuma wurare 10 zuwa 15 da aka zaɓa da kyau sukan isa a bambance nau'o'in da suka fito daga iyaye daban-daban. Tsadarta tana wajen farawa, domin sai an san jerin DNA na tsiron kafin a tsara firaima. Ga wardi da kaneshan da kirisantimam da Phalaenopsis an riga an wallafa firaimomi da yawa, amma mai renon wani furen daji da ba a yi aiki a kansa ba zai fara ne daga tushe.

Sai dai ƙwarewar SSR wajen tantance suna ba ta mayar da ita gwanar gano bauɗewa ba, tun da wurare goma sha kawai take dubawa. Masu aikin wardi a Holan sun daɗe da nuna cewa reshen da ya sauya launi da kansa a kan uwa, wanda akan yanke a mayar da shi sabon nau'i, yana ba da sakamakon SSR iri ɗaya da uwar, duk da cewa ko yaro zai bambance furannin biyu da ido. Idan alamar ba ta iya raba jan wardi da ɗansa mai ruwan hoda ba, ba za a sa ran ta kama irin wannan sauyi a cikin kwalba ba.

AFLP, wadda Vos da abokan aikinsa na kamfanin Keygene da ke Wageningen suka wallafa a 1995, ita ce mafi faɗin raga a cikin tsofaffin hanyoyin. Ana fara yanka DNA da enzayim biyu, wato sinadaran da ke datse shi a takamaiman wurare, galibi EcoRI da MseI, a liƙa wa guntayen wasu ƙananan hannaye da aka san jerinsu, sannan a ninka wani zaɓaɓɓen kaso daga cikinsu a matakai biyu. Haɗin firaima guda yakan ba da layi 50 zuwa 100, wato haɗi 10 zai iya duba wurare ɗaruruwa, abin da ISSR za ta sha wuya kafin ta kai. Farashin wannan shi ne tana buƙatar DNA mai tsabta sosai, domin idan enzayim bai gama yanka ba za a ga layukan ƙarya da za a ɗauka sauyi ne, kuma ganyen okid mai yauƙi da na wardi mai yawan sinadarin fenol ba sa ba da tsabtataccen DNA cikin sauƙi. Tana kuma buƙatar jel na musamman ko na'urar leza, da ma'aikacin da hannunsa ya faɗa. Inda take biyan kuɗinta shi ne lokacin da ake son a kwatanta tsarin reno biyu, misali ko yawan sinadarin girma na 2,4-D ko TDZ da ake zubawa yana girgiza DNA fiye da wani haɗin, domin a nan yawan wuraren da aka duba shi ne yake ba da ƙarfin hujja. Aiki ne da ake yi sau ɗaya lokacin kafa tsari, ba a kan kowane kaya da zai fita ba.

Darasi mafi girma a wannan fanni bai fito daga fure ba, daga kwakwar manja ya fito. Tun shekarun 1980 manoma a Malesiya suka ga wasu bishiyoyin da aka rena a kwalba suna ba da 'ya'ya masu naƙasa da ba su da mai, kuma ba a gane su sai bishiyar ta girma ta fara fure bayan shekaru. An gwada alamomin DNA iri-iri ba a samu bambancin da zai bayyana abin ba, sai a 2015 Ong-Abdullah da abokan aikinta suka nuna cewa jerin haruffan bai sauya ba, metil ne ya ragu a kan wani guntu da ake kira Karma, wanda yake zaune a cikin ƙwayar gadon da ke tsara sassan fure. Irin wannan ne kuma aka gano a 1999 game da furen Linaria mai baƙuwar siffa da Linnaeus ya bayyana tun ƙarni na 18, inda yawan metil ya rufe bakin ƙwayar gado guda. Wannan ya shafi mai okid kai tsaye, domin ɗaya daga cikin bauɗewar da aka fi sani a Phalaenopsis na kwalba ita ce kunnuwan furen biyu na gefe su rikiɗe su ɗauki siffar leɓen furen, kuma aibi ne na tsarin sassan fure, irin wanda alamomin da ke duba tsawon guntaye kawai suke iya wucewa ba su gani ba.

Hanyar da aka tanada don wannan ita ce MSAP, wadda AFLP ce da aka sauya mata enzayim na biyu. Ana raba samfuri gida biyu, a yanka ɗaya da HpaII ɗaya kuma da MspI. Dukansu wuri ɗaya suke nema, wato CCGG, amma metil yana hana su yanka ta hanyoyi daban-daban, saboda haka bambancin layukan gida biyun yana nuna inda metil yake. Matsalarta kishiyar ta sauran ce: su ba sa ganin abin da ke nan, ita kuwa tana ganin fiye da abin da ake buƙata. Metil yana sauyawa tsakanin ganye da saiwa, tsakanin tsohon ganye da sabo, tsakanin tsiron da ke cikin kwalba da wanda ya saba da iskar waje, kuma da yawa daga cikin wannan sauyi yana komawa daidai bayan an dasa. Wanda ya kwatanta ganyen ɗan tsiro na kwalba da ganyen uwa mai shekara biyar zai ga bambanci mai yawa da ba ya nufin komai. Dole a kwatanta ganye masu shekaru ɗaya da suka girma a yanayi ɗaya, kuma ko an yi haka, sakamakon kayan bincike ne, ba takardar sallamar kaya ba.

Abin mamaki shi ne gwajin da ya fi saurin kama bauɗewar da ta fi yawa a tsirran da suka bi ta kalus, wato dunƙulen tsoka marar siffa da ke tasowa daga yankin da aka ɗora a kwalba kafin ya zama tsiro, ba alamar DNA ba ne sam. Idan kuromosom suka ninku gaba ɗaya, layukan RAPD da ISSR da AFLP ba za su sauya ba, domin haruffan su ne dai, yawansu ne ya ƙaru, amma tsiron zai fito da kaurin ganye da jinkirin girma, sau da yawa kuma da ƙarancin fure. Na'urar fulo saitomita ce take ganin wannan. Bisa tsarin da Galbraith da abokan aikinsa suka kawo a 1983, ana daddatsa ɗan ganye da reza a cikin ruwan sinadari, a tace, a rina cibiyoyin sel da rini mai ƙyalli, na'urar ta auna yawan DNA a kowacce cikin 'yan mintuna. Na'urar tana da tsada, amma ana iya aika samfuri zuwa inda take. Iyakarta ita ce ɓacewar kuromosom ɗaya cikin 54 bai kai kashi 2 cikin 100 na DNA ba, kuma wannan yana bakin abin da take iya rarrabewa. A okid kuma akwai tarko, domin ganyensa da ya manyanta yana ɗauke da sel masu ninkin DNA sau biyu ko huɗu ko fiye a bisa ɗabi'arsa, don haka sai an ɗauki sashe mai ƙuruciya an kuma auna uwa a gefe guda.

Wasu furannin kuwa kyawunsu bai dogara da DNA iri ɗaya ba tun asali. Furen Saintpaulia, wanda asalinsa duwatsun Tanzaniya da Kenya ne, yana da nau'o'i masu ratsin launi biyu kamar fanka, kuma ratsin ya samu ne domin fatar waje ta tsiron da tsokar ciki ba halittarsu ɗaya ba. Idan aka rena shi daga yankin ganye, sabon tsiro yakan taso daga shimfiɗa ɗaya ya fito da launi guda, sai an bi ta toho ko sandar fure ake samun ratsin. DNA da aka tatso daga niƙaƙƙen ganye cakuɗe yake, kuma bambancin da ke tsakanin shimfiɗun ƙanƙane ne da alamomin nan ba za su kama ba. Na furen poinsetiya ya fi wannan ban mamaki, domin a 1997 aka tabbatar cewa yawan rassan da ke sa ta cika tukunya ta yi kyau aikin wata ƙwayar cuta ce mai suna faitofilasma da ke zaune a jijiyoyinta. Renon da ya tsarkake tsiron yakan kawar da ita, tsiron ya fito dogo mai ƙarancin rassa alhali DNA ɗinsa bai sauya ko harafi ɗaya ba, kuma ana mayar masa da ita ne ta hanyar aure da tsiron da ke ɗauke da ita, kamar yadda ake auren mangwaro.

Ko an zaɓi alamar da ta dace, adadin tsirran da aka gwada yana iya rushe aikin, kuma a nan ne rahotanni da yawa suke yin tuya su manta da albasa. Idan aka ɗebi tsiro 10 aka gwada ba a ga bambanci ba, lissafi yana nuna cewa bauɗaɗɗu za su iya kai kashi 26 cikin 100 na kayan ba tare da an ci karo da ko ɗaya ba, a ma'aunin tabbaci na kashi 95. Don a samu wannan tabbaci na kama aƙalla ɗaya idan bauɗaɗɗun kashi 5 ne, sai an gwada tsiro 59, idan kuma kashi 1 ne sai an gwada 299, wannan ma bisa zaton cewa alamar tana ganin aibin duk lokacin da ta haɗu da shi. Saboda haka ga mai ƙaramin kasafi, firaima 10 a kan tsiro 60 ta fi firaima 40 a kan tsiro 10 amfani. Haɗa ganyen tsirrai da yawa a niƙa tare don rage kuɗi yana iya nuna sabon layi da ya ɓullo, amma yana ɓoye layin da ya ɓace, tun da sauran za su cike gurbinsa. Duk layin da ya fito daban kuma bai cancanci a kira shi sauyi ba sai an sake tatso DNA daga tsiron an maimaita gwajin ya sake fitowa.

Karanta jerin DNA gaba ɗaya ya yi arha ƙwarai idan aka kwatanta da shekaru 20 da suka wuce, kuma ga furen da aka riga aka tsara taswirarsa, kamar kaneshan da wardi, yana ganin abin da duk hanyoyin da ke sama ba sa gani. Amma yana fito da ƙananan bambance-bambance masu yawa ko a tsakanin rassa biyu na uwa ɗaya, rarrabe mai illa daga marar illa kuma yana buƙatar ƙwararre da kwamfuta mai ƙarfi, ga lili da tulif kuwa girman DNA ɗinsu kaɗai ya isa ya ninka kuɗin.

Zaɓin dai yana bin tambayar da mutum yake son amsawa da kuma hanyar da tsirransa suka bi. Ɗakin da yake ninka gerbera ko kaneshan daga toho zuwa toho, ba tare da kalus ba, da matsakaicin sinadarin girma na BAP, haɗarinsa mafi girma shi ne cakuɗewar nau'i, saboda haka SSR a kan uwayen shuka da kan kowane layin reno, wato kwalaben da suka fito daga uwa ɗaya, ta ishe shi, in kuma babu firaimar SSR ga furensa sai ya yi amfani da ISSR. Wanda tsarinsa ya bi ta kalus, ko ta dunƙulen tsiron okid da ake ta yankawa ana sake shukawa, ya fara da fulo saitomita, sannan ya bi da ISSR haɗe da SCoT a kan samfuri mai yawa. Mai kafa sabon tsari da yake son sanin sau nawa zai iya juya tsiro zuwa sabuwar kwalba kafin sauyi ya fara taruwa, shi ne ya kamata ya kashe kuɗi a kan AFLP, ya ƙara da MSAP idan furensa yana da tarihin naƙasar siffa. Mai renon fure mai ratsi ko ganye mai launi biyu kuwa kuɗin da zai kashe a kan alamomi gara ya kashe shi wajen zaɓar sashen da zai yanka.

A kowane hali akwai aikin da ya fi dacewa a haɗa da gwajin: a riƙa sabunta layin reno daga uwar da aka gani da ido tana fure, a rubuta adadin juyin da kowace kwalba ta sha, kuma a fitar da wasu ɗaruruwan tsirrai daga juyin farko-farko a rene su har su yi fure tun kafin babban kayan ya kai lokacin fita. A gerbera wannan jira 'yan watanni ne, a Phalaenopsis kuwa ya zarce shekara, shi ya sa mai okid ya fi kowa buƙatar ya tsara fitar da waɗannan tsirran gwaji tun ranar da ya karɓi oda, ya kuma ajiye DNA ɗin uwa a firiza domin duk wanda ya fito a bauɗe a samu abin kwatanta shi da shi.